Yaɓen Kawu Na Allah

Furera ta yi karatun zane a Yamai, ta dawo Gidan Amumune da wani aiki da ba wanda ya gane kansa. Tun lokacin sanyi take ɗora laka a bangon zauren marigayi mahaifinta tana murzawa da yatsu. Dunƙule-dunƙule ne manya da ƙanana, ga siraran jijiyoyi na haɗa wannan da wancan, duk sun taru sun tsaya bisa tsini guda. Ba mutum ba, ba dabba ba. A ranta duniya ce: yayanta da ke Aljeriya, ƙanenta da ke Legas, masu tafiya da masu jiransu, ka zare jijiya guda kowa ya karkace. To amma Furera shiru-shiru ce, ko uwarta ba ta yi wa bayani ba.

Kwatsam sai ga waya. Madam Zara'u, mai zaɓen ayyukan da za a nuna a Yamai, za ta biyo ta Tasawa, kuma zuwa guda za ta yi. In aikin ya burge ta, ta ɗauki hotonsa, sunan Furera ya shiga. Furera ta tafi tarbarta, ta kwana can.

Washegari da azahar suka iso. Tun daga nesa Furera ta hangi maza cike da ƙofar gida, laka har gwiwa. Ta ƙara sauri.

Bango sumul! Ɗanyen yaɓe sai ƙyalli yake, ko ƙurji guda ba a bari ba.

"Inna lillahi," ta ce.

Kawu Na Allah, wan mahaifiyarta, ya taho yana washe baki.

"Ɗiyata, kin gani? Ga damina ta ƙarato, ga gara ta ci bangon nan ta yi hanyoyi har sama, ke kaɗai kina ta fama da toshiya. Kunya ta ishe ni. Gidan marayu, muna da rai? Shi ne na kira gayya."

"Kawu, abin da ke ƙasa fa? Yana nan?"

"Haba! Wa ke yaɓe bisa gara? Sai da muka kankare shi tas da fartanya."

Kai jama'a! Furera ta sake duban bangon. Ji ta yi kamar an yi mata mutuwa.

Madam Zara'u ta matso kusa da kunnenta. "Furera, ina aikin yake?"

Furera ta juya. Ta dubi mutanen. Duk unguwa ce, har da tsofaffin da da ƙyar suke miƙewa, sun bar sharar gonakinsu tun safe don 'ya'yan marigayi. Sun yi tsit, gumi na zuba, suna jiran abin da ɗiyar gida ke faɗi bayan gayya.

Ta durƙusa gaban kawunta, hawaye na gangarowa.

"Sannunku da aiki. Allah ya saka da alheri."

"Amin, amin!" in ji Kawu Na Allah. Ya juya wajen mazan yana dariya. "Ku dube ta, har da kukan murna."