Ruwan Famfo a Kwalbar Magani

Likitan bai ko ba ta kujera ba. Ya kalli sakamakon gwajin jini, ya kalle ta sama da ƙasa.

"Malama, ba kya ba yarinyar nan magani. Sinadarin fosfet ɗin jininta na nan ƙasa yadda yake. Na gaya miki ƙodarta zubar da shi take a fitsari, shi ya sa ƙashi ya ƙi ƙwari. Idan ta gama girma a haka, sai dai a yi mata aiki a miƙe ƙafar."

Mai ɗinki, uwar yarinyar, ta haɗiye abin da ya zo mata baki. Ita da ke auna maganin kullum kafin ta tafi shago, ta bar wa surukarta kwalbar da amana! A bakin ƙofar asibitin ta buɗe kwalbar ta ɗanɗana. Babu tsami, babu gishiri. Ruwan famfo ne zalla.

A gida ta tarar da tsohuwar a falo, ta baje doguwar rigarta har ta rufe yatsun ƙafa. Mai ɗinki ce ta ɗinka rigar, ita da sauran duka, kuma kowace sai an ce mata ta ƙara tsawo.

"Inna, ina maganin?"

"Na zubar. Gudawa yake sa ta. Kashe min jika za ki yi?"

"Likita ya ce sai a raba shi kaɗan-kaɗan, ba a daina ba."

"Likitan banza! Wai gado. Gadon wa? Ke kika tsayar da ita tun ba ta yi ƙwari ba, don ki ruga wajen kekenki."

To, nan fa ake yin ta. Tun ranar da likita ya ce cutar daga uba take sauka kan 'ya mace, uban kuma daga uwarsa ya samo, tsohuwar ta ɗaura yaƙi. Uban yarinyar, gajere mai ciwon haƙori, yana tsaye bakin ƙofar kicin yana nazarin silin kamar yau aka kafa shi.

Ran mai ɗinki ya gama ɓaci. Ta zaro tef ɗin awo daga wuyanta.

"Inna, ni nake auna ku. Na san abin da ke ƙarƙashin rigar nan. Ku miƙe ku haɗa diddige. In gwiwoyinku sun taɓa juna, wallahi da hannuna zan zubar da sabuwar kwalbar da na karɓo yau."

"Kai!" tsohuwar ta daka wa ɗanta tsawa. "Kana ji matarka na tuɓe ni?"

"A yi haƙuri dai," in ji shi, ba tare da ya ce wa zai yi haƙurin ba.

Tsohuwar ba ta miƙe ba. Ta tsuke bakinta mai sauran haƙora ƙalilan.

Mai ɗinki ta jefa kwalbar da cokali da ƙwayoyin bitamin D cikin jaka. "Daga yau shago za ta riƙa wuni. Gara ta sha ƙarar keke da ta sha ruwan famfo."

Yarinyar nan kuwa ita kaɗai ce abokiyar hirar tsohuwar a gidan. "Je ki, mara kunya! Ki tafi da ita ɗin!" in ji tsohuwar.

Yarinyar ta nufi ƙofa, tana rangaji dama da hagu, ƙafafun sun buɗe kamar baka. Tsohuwar ta bi ta da kallo ta baya. Wannan tafiyar ce aka yi ta kwaikwayonta da ita tana ƙarama, har ta daina zuwa makaranta.

Yarinyar ta waigo tana dariya. "Kaka, duba! Na iya tafiyarki."

Tsohuwar ta ja rigarta ta ƙara rufe ƙafa. "Ke," ta ce wa surukarta a ƙufule, "kin manta ruwan shanta. Maganin tsami gare shi."