Wasiƙun Mai Rai

Kofur yana zaune a ƙofar gida ya ji sanarwa a rediyo cewa gidan adana tarihi na neman wasiƙun da sojoji suka aiko gida lokacin yaƙin kan iyaka. A yaƙin nan ya baro ƙafarsa ta hagu, a kan wani tsibiri da daga baya manya suka sa hannu suka miƙa wa maƙwabta.

Nasa wasiƙun suna cikin gwangwanin madarar da mahaifiyarsa ta bari. Ba wani dogon zance a cikinsu: ruwa ya cika rami, takalmi ya yage, a gaida ƙanne, kada a sayar da akuya. Duk da haka washegari ya sa 'yarsa ta raka shi.

A ofishin ya tarar da tsofaffin mata jere kan benci, kowace rungume da ambulan. Da layi ya zo kansa, ya jingine sanda ya ɗora gwangwanin kan tebur. Ma'aikacin, wani mai tabarau, ya warware takarda ɗaya a hankali.

"Rubutun bai goge ba, Baba. Na ɗan'uwanka ne? A ina ya rasu?"

"Ni na rubuta."

Mai tabarau ya ninke takardar. "Ka yi haƙuri, Baba. Na waɗanda ba su dawo ba aka ce mu karɓa."

"Ai ƙafata ba ta dawo ba."

"Ba ni na tsara ba."

'Yar ta buɗe baki za ta yi magana, Kofur ya ɗaga mata hannu.

"To idan na mutu a kan gadona fa, ta kawo muku?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. "Sai wanda ya faɗi a fagen daga, Baba."

Suka koma gida. A zaure ya miƙa wa 'yar gwangwanin. "Ki ajiye. Ko sun zo da kansu, kada ki ba su."

Ana gobe za a buɗe baje kolin wasiƙun da aka tara, wani masinja daga gidan tarihin ya yi sallama. Ya ce ana gayyatar tsofaffin sojoji su zo da kaki, su tsaya gefen wasiƙun a ɗauke su hoto tare da manyan baƙi.

Kofur bai ko yi masa tayin wurin zama ba.

"Ka ce musu ban mutu ba tukuna."