Ayarin Ƙarfe Huɗu

Auta ake kiransa a gida, duk da ya haura talatin da biyar. A shagon gyaran kwamfutar da yake aiki kuwa Injiniya ne, kuma ya ci sunan, don duk injin da ya gagari kowa teburinsa ake kaiwa. Aibinsa ɗaya ne: tun da ya koma amfani da Linux ya zama mai wa'azi. Ka kawo masa kwamfuta ya canza maka madanni ɗaya, sai ka sha karatun rabin awa a kan nauyin Windows da yadda tasa manhajar ke tashi kafin ka ƙifta ido. In ya fara, abokan aikinsa sukan ce, "To, Liman ya hau mumbari," kowa ya kama gabansa.

Mutum ɗaya ne wa'azin bai taɓa kamawa ba, shi ne yayansa.

Yayan nasa direban tirela ne, shekara goma sha tara yana kan hanya, har ranar da taya ta fashe masa a gangara. Ya tsira da rai, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai, hannun hagu kuma yatsu uku kawai ke motsi. Shekara guda ya yi yana kallon silin. Auta ne ya harhaɗa masa kwamfuta daga tarkacen shago, ya sa mata Windows don a lokacin shi ma ita ya sani, ya saka wasan tuƙin tirela, ya ɗaura sitiyarin roba a bakin tebur. Da yake ƙafa ba ta aiki, watanni yayan ya yi yana gwada wannan yana sauya wancan, har ya mayar da totur da birki da giya kan yatsun nan uku.

Daga nan gida ya canza. Da safe matarsa, wadda Auta ke ce wa Anti, takan buga tambayoyin jarrabawar ɗalibanta a kwamfutar kafin ta wuce makaranta. Ƙarfe huɗu na yamma kuwa lokacin maigida ne. Zai sa a yi masa wanka, a sa masa riga mai guga, a tura kekensa na guragu gaban tebur, ya saƙala abin magana a kunne. Su shida ne a ayarin tirelolin wasan, suna haɗuwa ta intanet, kowa daga inda yake, ba wanda ya taɓa ganin fuskar wani. Wani mai kaurin murya da ake ce wa Dogo ke jan gaba. Shi kuwa Direba kawai suke kiransa, don shi kaɗai ne a cikinsu ya taɓa riƙe sitiyarin gaske. Motarsa ta cikin wasan ja ce mai ratsin fari, sak wadda ta kife da shi. Daga ƙofar gida kana jin dariyarsa yana yi wa wani faɗa a kan shan kwana.

"Yaya, ka bari in canza maka manhajar nan," in ji Auta wata rana. "Wasanka ma zai yi a kai, na gwada da hannuna."

"Ta yi maka laifi ne?"

"Ba ka ga yadda take jan ƙafa ba?"

"Ni da ita duk jan ƙafa muke, mun dace. Bar mini kayana, Auta."

Shekara huɗu ana haka, sai gyambon kwanciya ya fito wa yayan a ƙugu, likita ya ce sai an kwantar da shi kwana goma. Anti ta tare a asibiti, ta bai wa Auta makullin gida don ya riƙa kawo musu kayan sawa.

Ranar Asabar da hantsi ya shiga ɗaukar zannuwan gado, idonsa ya faɗa kan kwamfutar. Ya kunna ta don ya gani kawai. Ta yi kusan minti biyar tana nishi kafin ta buɗe. Ya tsaya riƙe da ƙugu yana girgiza kai. A ransa ya ce wannan ai zalunci ne, mutum yana da ƙani injiniya yana fama da wannan. Zai yi masa bazata: ya dawo ya tarar da injin yana gudu kamar sabo, shi ke nan gardama ta ƙare.

Ya kwashe hotunan gida da takardun Anti a filash. Ya ga wata jakar fayiloli mai sunan wasan, ya kwashe ta ita ma bai ko buɗe ba. Sannan ya goge faifan ajiyar kwamfutar tas, ya ɗora Linux. Yana jiran ta gama sauka ne ya kwance murfin akwatin don ya share, sai ya tarar fanka ta toshe da ƙura da zaren bargo, da ƙyar take juyawa. Ya daɗe yana kallonta. Ashe abin da ke damun injin ke nan, aikin buroshi na minti biyu.

Da ya zo saka wasan, aka tambaye shi sunan asusu da kalmar sirri. Nan gabansa ya faɗi. Shi da kansa ya buɗe asusun shekara huɗu da suka wuce, a gurguje, da wani imel da ya ƙirƙira a ranar, ya haɗa shi da layin wayar da ya daɗe da yarwa. Bai rubuta ko'ina ba. Tsohuwar manhajar ce ke riƙe da komai, kullum tana buɗewa da kanta. Ya buɗe jakar da ya kwashe: hotunan motar ne kawai, guda goma sha ɗaya. Babu ajiyar wasan, babu saitin yatsu, babu sunayen 'yan ayari.

Kwana shida ya yi da faifan a shago yana ƙoƙarin tono abin da ya goge. Sabuwar manhajar ta riga ta hau kai. A asibiti kuwa kullum yayan sai ya ce, "Su Dogo na can suna cigiyata," Auta ya yi yaƙe ya sauya magana.

Ranar da aka sallami yayan, tun kafin ya sha ruwa ya ce a tura shi gaban tebur. Ya danna. Kafin ya gyara zama allon ya buɗe, fes, da launin da bai taɓa gani ba.

"Wannan fa?"

"Yaya, na ɗan gyara maka ita ne. Ka ga saurin..."

"Ina motata?"

Auta ya durƙusa a gefen keken ya faɗi komai, bai rage ba, har zancen fankar. Ya so a ce yayan ya zage shi, ko ya kai masa mari da hannun mai lafiya. Bai yi ko ɗaya ba. Ya dai shafa sitiyarin, ya ce, "Na ce maka ka bar mini kayana." Sannan ya juya wajen matarsa. "Mayar da ni gado, na gaji."

Washegari Auta ya mayar da Windows, ya buɗe sabon asusu, ya sake saka wasan. Aka ba shi wata ƙaramar mota fara da babu komai a jikinta. Ya yi iya yinsa wajen saita madannan. Yayan ya gwada sau ɗaya don matarsa ta roƙe shi. Ya nemi birki a inda yatsansa ya saba, babu, motar ta daki shingen titi ta kife. Ya kalli allon har tayoyin suka daina juyawa. Bai sake yarda an kai shi teburin ba.

Ƙarfe huɗu ta koma kamar kowace awa. Ba wanka, ba riga mai guga. Yana kwance fuskarsa a bango, in an juya shi ya koma. Abinci sai an yi da gaske. Gyambon da ya fara rufewa ya sake buɗewa, ɗakin ya soma wari duk da wankin da Anti ke yi safe da yamma. Ita ba ta taɓa ce wa Auta uffan a kan maganar ba. Takan amsa gaisuwarsa, ta karɓi abin da ya kawo, ta ce an gode. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Wata rana Auta yana gyara masa matashi, yayan ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Ba motar ce ta dame ni ba. Mutanen nan ban san sunan kowa ba, ban da lambar kowa. Na ce musu kwana goma zan yi. Yanzu za su ce na mutu, ko na raina su."

Daga ranar Auta ya riƙa barin shago ƙarfe uku da rabi. Ya zauna gaban sitiyarin da bai iya ba, ya shiga wannan zaure na wasan ya fita ya shiga wancan, yana tambaya ko akwai wanda ya san Dogo mai ayarin ƙarfe huɗu. Zaurukan sun fi ɗari. Wasu su yi masa dariya, wasu su kore shi don yana tare musu hanya. Ana cikin haka zazzaɓi ya rufe yayan, aka mayar da shi asibiti. Likita ya ce ƙwayar cutar ta shiga jini. Auta ya bi shi har baranda ya tambaye shi ko yawan kwanciyar ne ya jawo. Likitan ya ce mai irin wannan lalura yakan gamu da haka ko da me aka yi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

A rana ta goma sha tara wata murya mai kauri ta ce, "Wa ke neman Dogo?"

Auta ya rasa ta inda zai fara. Ya ce shi ƙanin Direba ne. Nan take muryoyi suka ɓarke, kowa na tambaya. Ya kara wayarsa a lasifika ya naɗi gaisuwarsu ɗaya bayan ɗaya, ya hau babur sai asibiti.

Yayan ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito. Auta ya sa masa wayar a kunne. Dogo na cewa, "Direba, mun bar maka gurbinka, na biyu daga gaba, ba wanda ya shiga." Leɓen yayan ya motsa kamar zai yi dariya. Ya sa aka maimaita masa sau uku.

"Ka ce wa Dogo ya daina taka birki a tsakiyar kwana," ya ce da ƙyar. "Kullum sai na faɗa masa."

"Zan faɗa masa, Yaya. Yaya, ka yafe mini."

"Ɗaga mini kan gadon nan kaɗan, bayana ya gaji."

Auta ya ɗaga. Bai sake samun damar maimaita roƙon ba, don a washegari yayan ya daina gane mutane, kwana biyu bayan haka ya cika.

Sai da aka yi mako, masu gaisuwa suka ragu, sannan Auta ya iya zama a teburin. Ya isar da saƙon birkin tukuna, kalma da kalma, har wani ya yi dariya. Sannan ya faɗa musu Direba ya rasu. Can Dogo ya ce kowa ya sauka gefen titi. Tireloli biyar suka jera, suka danna ham a tare, ƙarar ta cika gidan.

Anti ta ɗaga labule, idanunta jawur.

"Auta, don girman Allah kashe abin nan."

Ya kashe.