Ranar da Aka Yi wa Malam Ashafa Ta'aziyyar Kansa

Bayan sojoji sun koma bariki, intanet ta shigo Kano, Nazeer ɗan Dukawuya ya samu aikin gina wa dukawan Kasuwar Kurmi shafi don masu saye na nesa. Ba komai yake nema ba illa mahaifinsa, Malam Ashafa baduku, ya daina kiran aikin nasa wasan yara.

Da farko kowane baduku shafinsa daban, abin da ke sa ƙaramin gyara ya cinye wuni. Sai Nazeer ya rushe su, ya ƙera uwar katin suna guda ɗaya wadda duk shafukan ke ɗauka. Ka taɓa ta, ko'ina ya canja. Ya yi ta yabon kansa, kamar shi ya ƙirƙiro gishiri.

Da wani dattijon baduku ya rasu, shugabannin sana'ar suka ce a sa masa "Marigayi" da addu'a, yadda aka saba. Nazeer na sauri ya samu jana'iza, sai ya rubuta a jikin uwar katin maimakon shafin mamacin. Kafin la'asar duk dukawan sun zama marigaya.

Sauran sun sha da 'yan wayoyi da zagi. Malam Ashafa kuwa ya yi mako yana kwance da zazzaɓi, don haka kowa ya yarda ya rasu. Wani ɗan kasuwa a Legas ya gani ya bugo waya, labari ya zaga unguwa, mata suka fara shigowa da salati. Salihu, ƙanin Malam Ashafa, ko gidan bai leƙo ba. Kurmi ya nufa, ya fasa kwaɗon rumfar yayan nasa ya sa nasa, yana cewa dama ta ubansu ce. Maƙwabcin rumfar ya zo gaisuwa, ya tarar da mamaci zaune yana shan kunu, ya faɗa masa komai.

Nazeer ya durƙusa a bakin ƙofa, kunya da tsoro sun hana shi ɗaga kai. Ya ce minti ɗaya ya isa ya goge "Marigayi" ɗin.

Tsohon ya ajiye kunun.

"Goge na sauran," in ji shi. "Nawa ka bar shi. Na riga na ga abin da za a yi a bayana."

Malam Ashafa bai sake taka Kurmi ba.