Sunan Da Na Hana A Sa Wa Ɗana

Ina kasuwar Bungudu, na durƙusa ina tauna gyaɗa in ji ko ta bushe, sai wayata ta yi ƙara. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake yi a Gusau, amma gyaɗar Bungudu ta fi mai, shi ya sa nake zuwa can. Yaya Ayuba ne, wan mijina. Bai gaishe ni ba. Ya ce, "Maman Gloria, ki bar abin da kike yi, ki hau mota ki same ni a Tsafe."

Na ce, "Me ya sami Ishaya?"

Ya ce, "Ki dai zo."

Gyaɗar tana bakina, ban haɗiye ba, ban tofar ba. Mai gyaɗar ce ta kama ni ta miƙar da ni, don cikina ya tsufa, ba na iya tashi da sauri.

Mijina Ishaya mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa ne. Duk ƙauyen da famfonsu ya lalace, shi suke kira, daga Magami har Mada. Ran nan wani ƙauye ya je a bayan Tsafe. Ya gama gyara, ruwa ya fito, ya hau babur zai dawo, 'yan bindiga suka tare shi suka harbe shi, suka tafi da babur ɗin. Abin da aka gaya mini ke nan a ƙofar asibiti.

Akwai wani mutum zaune a gindin bishiya a wurin, siriri, da sandar kiwo a gefensa, rigarsa duk jini ya bushe a baya. Da Yaya Ayuba ya gan shi sai ya shaƙe masa wuya, yana ihu, "Ku ne! Ku ne kuka kashe shi!" Da kyar mutane suka raba su. Mutumin ya ɗauki sandarsa ya tafi. Ni ban ma kalle shi da kyau ba. Ƙafafun mijina nake kallo, da suka leƙo daga ƙarƙashin zane, takalmi ɗaya babu.

Ban yi karatu mai yawa ba. Abin da na sani game da sunayen Allah, a bakin Ishaya na ji shi. Shi yake koyar da ajin manya a coci ranar Lahadi, kuma a kaina yake fara gwadawa. Ina murza tunkuza, gumi yana zuba, shi yana zaune a kan turmi yana wanke sufanunsa da kananzir, yana ta magana.

"Rut, kin san Yahweh Yire?"

"Na san cewa gishiri ya ƙare."

Sai ya yi dariya ya ce, "To shi ke nan, sunan ya zo daidai. Ubangiji zai tanada." Ya ce Ibrahim ne ya kira wannan suna a kan dutse, bayan ya ga rago ya maƙale a kurmi, aka yanka ragon, ɗansa ya tsira. Yahweh Rafa kuma, mai warkarwa, ya ce a bakin wani ruwa mai ɗaci aka fara jin sa a zamanin Musa, da ruwan ya koma mai daɗi. Wannan yana son sa, don ya ce aikinsu ɗaya. El Shaddai, Mai Iko Duka. Yahweh Shalom, Ubangiji salama ne. Kowane suna da wurin da ya fito, da mutumin da abin ya faru a kansa.

Wanda ya fi maimaita mini shi ne El Roi, Allah mai ganina. Ya ce mace ce ta sa wa Allah wannan suna, Hajaratu, baiwa, da ciki, ta gudu daji saboda wahalar uwargijiyarta, aka same ta a bakin rijiya. Yakan ce, "Kin gani? Ba annabi ba, ba sarki ba. Mace mai ciki irinki, mai baki irin naki."

Ya kuma ce in cikin nan namiji ne, Immanuwel za a sa masa, Allah tare da mu. "Mai sunana, annabi Ishaya, shi ya fara faɗin sa. Kin ga ina da gado a ciki." Kowa a dangi ya san ya faɗi haka.

A zaman makoki aka yi ta jefo mini sunayen nan kamar ana watsa wa kaji tsaba. Wannan ta ce, "Yahweh Yire zai tanada miki." Waccan ta ce, "Shi ne mijin gwauraye." Matan zumunta na coci suka zo da tulu da kacau-kacau suna waƙa, suna jera sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa kowane suna aka kira, sai in ji kamar an mare ni. Mai tanadi? Ya tanada wa Ibrahim rago. A hanyar Tsafe ina ragon? Mai warkarwa? Mutumin da ya gyara wa mutane ruwan sha ya kwanta yana zubar da jini, ina warkarwar? Na riƙe bakina don 'yata Gloria tana kusa da ni.

Bayan mutane sun ragu, wata tsohuwa ta yi sallama da hantsi. Ta sauke ƙwaryar nono a ƙofar ɗaki, ta kwance ƙullin zane, ta fito da takalmin Ishaya, ƙafar hagu. Ta ce sunanta Kulu, ita ce uwar mutumin da aka shaƙe a asibiti. Sunansa Bawa.

Na ce, "Inna, me ya kawo ki?"

Ta ce, "Ɗiyata, takalmi na kawo, da gaisuwa. In kin ce in tahi, sai in tahi."

Ban ce ta tafi ba. Ta zauna a ƙasa, ta ƙi tabarma. Ta ce famfon da Ishaya ya gyara, nan suke shan ruwa su da dabbobin da suka rage musu, don 'yan bindigar nan sun kore musu shanu tun bara. "Da munka ji harbi, kowa ya shige gero ya kwanta. Bawa ya ce mai famfo ne, yanzu ya wuce. Na riƙe mai riga, na ce in ka fita kashe ka za su yi. Ya fizge."

Ta ce Bawa ya same shi da rai. Ya yage rawaninsa ya ɗaure masa ciki, ya goya shi a baya kamar jariri, ya yi ta tafiya da shi har bakin kwalta. Motoci suna wucewa, ba wanda ya tsaya, kowa tsoro yake ji. Ishaya ya nemi ruwa, Bawa ya ba shi na gorarsa, ruwan famfon nan da ya gyara da safe. A kan cinyar Bawa ya cika, kafin wata motar itace ta yarda ta ɗauke su.

Na ce, "Ya yi magana?"

Ta ce, "Ya ce matarsa na da ciki. Ya ta faɗin haka. Bawa ya ce mai, na ji, Malam, na ji, ina nan."

Ina nan. Wannan ce kalmar da na yi ta nema a bakin kowa ban samu ba.

Da na haihu, namiji ne. Yaya Ayuba ya zo barka, ya ɗauke shi ya ce, "Immanuwel ya iso."

Na ce, "Yaya, ba za a sa masa wannan suna ba."

Ya ɗauka zafin haihuwa ne. Na sake faɗa. Na ce Bawa nake so. Sai ya ajiye yaron a kan gado kamar ya ƙone shi.

"Sunan mutanen da suka kashe ƙanena za ki sa wa jininsa?"

"Sunan wanda ya goya ƙanenka, wanda ka shaƙe."

"Wa ya gaya miki? Tsohuwar nan mai nono? Rut, ki shiga hankalinki. Wasiyyar mamaci ce. Kuma tun da nake ban taɓa ganin inda mace ta raɗa suna ba. In kika kunyata mu gaban mutane, na cire hannuna daga kanki da 'ya'yanki, kuma dangi duka haka."

Na san ba wasa yake ba. Mu ba 'yan Gusau ba ne, aiki ne ya kawo su Ishaya. In ba Yaya Ayuba da matarsa ba, ba ni da kowa a garin nan da zan kira nawa.

Ranar suna da safe aka jera bencina a tsakar gida. An dama kunu, an soya masa. Pasto Joseph ya zo, dattijo ne, shi ya ɗaura mana aure. A wurinmu, babban namiji na gidan uba shi yake matsawa ya gaya wa pasto sunan a kunne, pasto ya ɗaga yaro ya sanar. Uwa tana zaune cikin mata, ba a tambayar ta. Na ga Yaya Ayuba ya sunkuya. Na ga Pasto ya yi murmushi, ya ɗaga yaron, ya fara, "Wannan suna mai girma ne, ma'anarsa..."

Na miƙe. Matar Yaya Ayuba ta ja mini zane, na buge hannunta.

Na ce, "Baba Pasto, na san ma'anarsa. Mijina ya koya mini. Ku ba ni ɗana."

Pasto ya ce, "'Yata, zauna, za mu yi magana daga baya."

"Daga baya an riga an sa. Baba, Ibrahim yaushe ya ce Ubangiji zai tanada? Ba bayan ya ga rago ba? Hajaratu yaushe ta ce Allah mai ganina? Ba bayan an same ta a daji ba? Mutanen nan abin da suka gani suka faɗa. Ni me na gani? Takalmi ɗaya. Kuna so kullum in buɗe baki in kira yaron nan, zo ka ci tuwo, zo ka yi wanka, in riƙa cewa Allah tare da mu, Allah tare da mu? Ba zan yi shaidar abin da ban gani ba."

Yaya Ayuba ya ce, "Saɓo! Kun ji saɓo!"

Pasto ya ɗaga masa hannu. Ya ce mini a hankali, "Rut, wannan sunan dabam yake da sauran. Ba bayan an gani aka ba da shi ba. Alkawari ne, a lokacin yaƙi aka yi shi, mutane suna cikin tsoro kamar mu."

Na ce, "To a bar shi wurin wanda ya yi alkawarin, ya cika. Kada a ɗora shi a kan jariri."

"Ba ki ganin Allah ne ya aiko mutumin nan da ya goya Ishaya?"

Nan ne raina ya ƙara ɓaci. Na ce, "A'a, Baba, kada ku ƙwace wa Bawa aikinsa. Uwarsa ta riƙe masa riga, ya fizge. Bayansa ne ya ɗauki jinin. Da ya iso, mu muka shaƙe shi. Yanzu kuma za a ce ba shi ba ne? An ce mace ba ta raɗa suna. Ishaya ya ce baiwa mai ciki ta raɗa wa Allah kansa suna, kuma bai ƙi ba. Ni ɗan da na haifa ne ba zan sa wa ba?"

Wata tsohuwa cikin matan zumunta ta ce, "Hmm," da ƙarfi. Ban san ko da ni take ba ko da su.

Pasto ya dubi yaron. Sannan ya ce, "Ayuba, uban yaron nan ba ya nan. Uwarsa tana nan." Ya juyo. "Wane suna?"

Na ce, "Bawa. Bawa Ishaya."

Ya ɗaga shi ya faɗa, ya yi addu'a gajeriya. Amin ɗin da aka amsa ba ta da ƙarfi. Yaya Ayuba ya sa hularsa ya fita, matarsa ta bi shi, rabin bencina suka zama wayam. Masa ta yi saura da yawa, sai maƙwabta na rarraba wa.

Yaya Ayuba ya cika maganarsa. Har yau bai sake taka gidana ba. In mun haɗu a coci, yakan shafa kan yaron ya ce, "Imma, yaya dai?" Yaron ba ya waiwayawa, don bai san mai wannan suna ba. Na aika wa Inna Kulu da ƙuli-ƙuli ta hannun masu nono, aka dawo aka ce sun tashi daga wurin, ba wanda ya san inda suka nufa. Ban sani ba ko Bawa ya taɓa jin yana da takwara.

Ina zuwa coci. In matan zumunta suka fara jera sunayen, nakan rufe bakina har su gama. Ban huce ba, kuma ban ga ranar hucewa ba. Suna ɗaya kawai ya rage mini, wanda Hajaratu ta raɗa. Kowace safiya in na je famfon unguwarmu da Bawa a bayana, kafin in kama hannun famfon, nakan ɗaga kai in ce, "El Roi." Ba waƙa ba, ba godiya ba. Nakan ce, "An ce kana gani. To ga mu nan, ka gani."

Sannan in tuƙa ruwana.