Motar da Dadan Ya Je Sallah da Ita

Kokom dai ba ta taɓa zargin Dadan ba sai da ta ga motar nan. Shekara biyu suna haɗa wasan kwamfuta a wani ɗan ɗaki a birnin Bandung, ita ke zane, shi ke riƙe da asusu. Kuɗin kuwa jama'a ne suka yi karo-karo ta intanet, rupiya miliyan ɗari tara, wai a ba su wasan in ya fito. Wasa bai fito ba.

Da ƙaramar Sallah kowa ya tafi gida, ƙauyensu ɗaya a yankin Garut. Kokom ta sauka daga bas, kafaɗa ta sage da jaka. Sai ga Dadan cikin farar mota mai sheƙi, matarsa Imas da awarwaron zinariya har gwiwar hannu, tana ɗaga wa mutane hannu kamar matar gwamna.

"Neng, ba aikinku ɗaya da yaron nan ba?" in ji uwar Kokom, don a can Neng ake ce wa 'ya mace. "Ko ke sharar ofishin kike yi?"

Kokom ta ƙulla wannan a ranta. Tana komawa birni ta shiga sahun masu karo-karon da suka kai ƙarar Dadan, har ita ta nemo musu lauya, ta ce a fito da takardun banki, na wasan da nasa na kansa. Burinta ɗaya, a karanta a gaban kowa cewa motar sata ce, uwarta ta ji.

Zama uku Dadan yana noƙewa. Na wasan zai bayar, nasa kuwa sirri ne. Ya tare ta a bakin kotu.

"Neng, don Allah ki bar maganar nan."

"Kang Dadan, in ba rami me ya kawo rami? Gaishe min da mai awarwaro."

Alƙali ya gaji ya ba da umarni. Ranar karatu Kokom ta sha sabon mayafi ta zauna a gaba.

To, ku ji abin da takarda ta ce. Kuɗin wasa sun ƙare a albashi da hayar ɗaki, wadda ta fi kowa kwasa kuma ita ce Kokom. Mota? Haya ce, kwana biyar, daga albashinsa. Awarwaro ma haya, har da tarar kwana ɗaya da Imas ta ƙara don ta je suna. Abin da bawan Allah yake ɓoyewa ke nan, kada surukansa su ji.

Dadan ya sunkuyar da kai. A waje ya tada tsohon babur ɗinsa da ƙyar, Imas ta hau baya hannu fayau, ta rungume shi, ko kallon Kokom ba ta yi ba. Wannan ma sai da ya tsaya wa Kokom a rai.

Ta ce ai dai ta samu na faɗa. Ta kira gida.

"Mama, kin ji? Ta haya ce!"

"Mun ji tun ɗazu," in ji tsohuwar. "Ko ta haya ce, ai ya fitar da uwarsa kunya. Ke ko keke kin hayo min?"

Kokom ta kashe waya. Ta jawo kwafin takardun kotu, tana bin layi da yatsa har ta kai kan sunan kamfanin hayar, ta kwafe lambar wayarsu.