Ranar da Lantana Ta Wanke Tanki

Ga ta nan ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Lantana mai waina ta ƙyasta ashana a bakin murhu, ta sake ƙyastawa, wuta ta ƙi kamawa.

Tun da likita a Makarfi ya ce hayaƙin itace zai cinye mata ido, ɗanta Ukasha ya haɗa mata tanki a bayan ɗaki, nan Kurmin Kogi. A zuba yankakkiyar ciyawa da ruwa, a rufe ruf, ta ruɓe a ciki, gas ya biyo tiyo har murhu. Wata da watanni tana suya ba hawaye.

To, kun san Lantana da tsabta. Da ta ji surukai za su zo, ta buɗe tanki, wari ya buge ta. Ta kwashe komai, ta wanke shi tas da ruwan zafi da sabulu, ta zuba sabuwar ciyawa.

Tun daga nan wuta ta ƙi kamawa. Ta kira Ukasha a waya.

"Inna, ai kin kashe su."

"Su wa?"

"'Yan ƙwayoyin da ke cin ciyawar. Daga kashin shanu suke. Sai an samo ɗanye."

"Au, da kashin shanu nake soya wa mutane waina?"

"Da iskarsa dai, Inna."

Shanu kuwa sai rugar Bobbo, wanda maigidanta Maiwada ya daina gaisawa da shi tun da shanun suka ci wa Maiwada dawa bara. Lantana ta dubi tarin itace a lungu, idonta ya fara ƙaiƙayi tun ba a hura ba.

"Malam, za ni ruga."

Maiwada ya ƙara wa rediyo murya. Ba a ce a'a ba, ta ɗauki bokiti.

Bayan an gaisa, an tambayi yara da shanu, Adama matar Bobbo ta ji labari, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ke Bahaushiya, ko nono ai sai an ɗiga masa tsohon tsami yake kamawa."

"Yi dariyarki, ki dai cika mini bokiti."

Bobbo ya ce, "Ajiye bokitin nan, Yaya. Kashi ne, ba a roƙonsa."

Washegari ya turo baro cike har ƙofar gida. Maiwada yana zaure. Mutum da kaya, yana gumi saboda idon matarka, ya za ka yi? Ya miƙe.

"Sannu da aiki, Bobbo."

Shi ya riƙe murfi, Bobbo ya zuba.

Surukai sun zo sun tafi, maƙwabta suka yi musu girki. Bayan 'yan makonni shuɗiyar wuta ta dawo. Lantana tana suyarta, idonta garau, wainar farko kullum ta ruga ce. Maiwada yana kai ruwan tankin gonarsa ya zama taki, Bobbo yana shan inuwa a zaurensa. Tanki kuwa, ba a sake wanke shi ba.